Musayar Juan Soto: Yankees ta ci riba ko asara ta tafka?

Baban Hanifa (Bronx):
Assalamu alaikum jama'a. Tunda an gama World Series ta 2025, wato karawar ƙarshe ta cin kofin babbar gasar besbol ta Amurka (MLB), kowa ya huce, bari in ɗauko wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. A watan Disamba na 2023 ƙungiyarmu Yankees ta New York ta ba ƙungiyar San Diego 'yan wasa biyar: Michael King, Drew Thorpe, Jhony Brito, Randy Vásquez da Kyle Higashioka. Huɗu daga cikinsu masu jifa ne, wato masu jefa wa mai bugu ƙwallo. Ta karɓo Juan Soto da Trent Grisham, alhali kowa ya san shekara ɗaya ta rage wa Soto ya samu damar tafiya duk inda yake so. Ya yi mana wasa, wannan ba na musu. Hom-ron (dukan da ke tsallakar da ƙwallo bayan katangar fili) 41 ya buga a 2024, kuma dukan da ya yi a Cleveland ne ya kai mu World Series karon farko tun 2009. Amma Dodgers ta cinye mu wasa 4 da 1, ba a yi wata biyu ba ya tsallaka Queens, wani yanki na New York, ya sa hannu da Mets, dala miliyan 765 na shekara 15. Ni dai a ganina mun ba da gona mun karɓi girbin shekara ɗaya. Wanda yake ganin akasin haka ya zo ya gamsar da ni.

Na Fagge:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ku yi mini uzuri, ni ɗan ƙwallon ƙafa ne, besbol bana na fara bi. Nawa Yankees ta biya San Diego kuɗin Soto? A wajenmu PSG ta ajiye wa Barcelona yuro miliyan 222 ta ɗauke Neymar a 2017, magana ta ƙare. Ku kuma na ga mutane kuke bayarwa.

Mai Lissafi:
Na Fagge, a nan ba a sayen ɗan wasa daga hannun wata ƙungiya yadda kuka saba. Ba ni gishiri in ba ka manda ake yi. In kana son ɗan wasan da ke ƙarƙashin wata ƙungiya, kai ma 'yan wasa za ka miƙa, wani lokaci a ɗora 'yan kuɗi a kai don rage nauyin albashi. Kwantiragin kuma yana bin mutum zuwa sabon gida yadda yake, ba a sake zama a kansa.

Abin da ke juya kasuwar gaba ɗaya shi ne dokar shekara shida. Yaron da ya shigo babbar gasar MLB yana hannun ƙungiyarsa har sai ya cika kaka shida. Kusan shekara uku na farko albashi mafi ƙanƙanta ake ba shi, wanda a 2025 dala 760,000 ne. Daga nan albashin ya riƙa hawa, in ba a daidaita ba a je gaban masu sulhu su yanke. Sai ya cika shida sannan kowace ƙungiya cikin 30 ke iya taya shi. Saboda haka matashi mai hazaƙa da ya rage masa shekara biyar ko shida a hannunka shi ne kuɗin wannan kasuwa. Da shi ake cefane.

Hanyoyin gyara ƙungiya kenan: ka reni naka a ƙananan ƙungiyoyinka, ka yi musaya, ko ka zuba kuɗi wa wanda ya samu 'yanci. 'Yan wasan da ake ɗaukowa daga ƙungiyoyin waje, kamar na Japan da Koriya ta Kudu, su ne ake biya wa ƙungiyarsu wani abu mai kama da naku. Dodgers ta ba ƙungiyar Orix ta Japan kimanin dala miliyan 50 a kan Yamamoto, ban da miliyan 325 na shekara 12 da shi ya samu.

Na Fagge:
To shi ɗan wasan ba a neman yardarsa?

Mai Lissafi:
Galibi ba a nema. Sai in an rubuta a kwantiraginsa cewa ba za a musanya shi ba sai ya amince, ko kuma ya shekara goma a gasar, biyar na ƙarshe a ƙungiya ɗaya. In ba haka ba, mutum zai iya zuwa fili da rana a ce masa ya haɗa kayansa, gobe a wani gari zai buga.

Ɗan Zongo:
Baban Hanifa, Yaya, ni ɗan Mets ne, ka san inda na tsaya, amma gaskiya ɗaya ce: ba ku yi asara ba. Shekara 15 kuka yi ba ku leƙa World Series ba. A 2023 wasa 82 kuka ci, kuka faɗi 80, ko zagayen kofi ba ku shiga ba. Aaron Judge shi kaɗai yake ɗauke da ku, masu jifa suna kauce masa don ba wanda ke ba su tsoro kusa da shi. Da Soto ya zo yana bugu gabansa, sai ya zama dole a jefa wa ɗayansu ƙwallo. Kun ci wasa 94 kun je wasan ƙarshe. Me ake nema a musaya in ba wannan ba? Kuma ba Soto ne ya kayar da ku a wasa na biyar ba. Kuna gaba 5 da 0, ƙwallo ta suɓuce wa Judge, Volpe ya yi jifa mara kyau, Cole bai rufe zangon farko ba (zango shi ne wurin da mai bugu ke gudu ya taka). Duk a juyi ɗaya cikin juyi tara na wasan.

Baban Hanifa (Bronx):
Ɗan Zongo, wannan daren ina aiki, a rediyon mota na saurara, har yanzu ba na son tunawa. Na yarda ba laifinsa ba ne. Amma duba abin da San Diego ta yi da kayanmu. King ya zama ɗaya daga cikin manyan masu fara jifa a can, ya fitar da masu bugu 201 a 2024. Thorpe kuma ko riga bai gama sabawa da ita ba suka haɗa shi da wasu suka kai wa White Sox a watan Maris suka karɓo Dylan Cease, wanda a watan Yuli ya yi wasa cur a Washington ba wanda ya samu bugu mai kyau a kansa. Suna da Soto a 2023 sun ci wasa 82. Ya tafi, sun ci 93. Wa ya fi wani wayo a nan?

Mai Lissafi:
Alhaji, ana iya yin musaya kowa ya samu abin da ya je nema. Amma in za a yi wa San Diego hisabi, sai a koma watan Agusta na 2022, ranar da su suka karɓo Soto daga Washington. Sun ba da CJ Abrams, MacKenzie Gore, James Wood, Robert Hassell, Jarlin Susana da Luke Voit. Uku na farkon nan duk an zaɓe su cikin taurarin gasa daga baya. Farashin ya yi tsada haka ne domin lokacin Soto yana da sauran kaka biyu da rabi. Da ya rage saura ɗaya, farashin ya faɗi, ku kuka saya a wannan farashin. Mutum ɗaya ne, hazaƙa ɗaya, abin da ya canza yawan shekarun da suka rage ne kawai.

Kuma akwai wanda kuka manta a lissafin. Grisham, da aka ɗauka gyara ce aka ɗora a kan ciniki, ya buga hom-ron 34 a 2025.

Maman Sadiq (Atlanta):
Sallama gare ku. Na karanta duka, kuma ina ganin kuna ta kewaya babban suna kamar shi kaɗai ne hanyar gyara. Ku ba ni dama in faɗi abin da na gani da idona a 2021, don a garin nan nake, kuma yarana ne suka ja ni cikin wasan nan a shekarar.

Ranar 10 ga Yuli Ronald Acuña ya ji ciwo a gwiwa a Miami, kakarsa ta ƙare. Shi ne ran ƙungiyar. A lokacin wasannin da Braves ta faɗi sun fi waɗanda ta ci yawa, kuma ɓangaren masu tsaron bayan fili ya riga ya zama kango. Mutane da yawa a nan cewa suke a sayar da manya a tari gaba. Alex Anthopoulos, mai kula da ɗaukar 'yan wasa, bai je neman wanda zai maye gurbin Acuña shi kaɗai ba, don babu irinsa a kasuwa. Sai ya kawo mutum huɗu. Joc Pederson daga Cubs a tsakiyar Yuli, sannan ranar 30 ga wata ya kawo Adam Duvall daga Miami, Jorge Soler daga Kansas City, da Eddie Rosario daga Cleveland. Soler a lokacin bugunsa ya lalace, cikin zuwa biyar da ƙyar yake samun ɗaya. Rosario kuwa yana jinya aka ɗauko shi. Babu ɗaya daga cikin fitattun matasan ƙungiyar da aka bayar a duk musayar nan huɗu.

Rosario ne ya zama gwarzon karawar da muka fitar da Dodgers, ya samu bugu 14 a wasa shida. Soler ya zama gwarzon World Series da hom-ron uku a kan Houston. Wasa 88 kacal muka ci a kakar, muka ɗauki kofin da rabonmu da shi tun 1995. Abin da nake so Baban Hanifa ya duba shi ne mutumin nan ya san ainihin inda rufinsa ke yoyo, kuma ya ga rukuninmu ba wanda ya yi nisa, sai ya sayi abin da zai toshe wurin a farashi mai sauƙi.

Ɗan Zongo:
Hajiya, ina girmama wannan labari, amma akwai sa'a a ciki mai yawa. Kowace shekara ƙungiyoyi suna kwaso irin waɗannan 'yan wasa a ƙarshen Yuli, yawancinsu ba a sake jin ɗuriyarsu. Naku ya ci, shi ya sa ake tunawa.

Maman Sadiq (Atlanta):
Ƙanena, akwai sa'a, ban ƙi ba. Amma shi ya sa ya ɗauko huɗu bai ɗauko ɗaya ba. In biyu sun gaza, biyu za su tashi, kuma ko duka sun gaza bai jinginar da gobensa ba. Ku da kuka zuba miliyan 765 a kan mutum ɗaya, ina kuka ƙare a 2025?

Ɗan Zongo:
A gida muka ƙare, ranar ƙarshe ta kaka aka fitar da mu, wasa 83 da 79. Abin ya yi mini ciwo sosai. Amma Soto ya buga hom-ron 43 ya saci zango 38. Masu jifa ne suka ruguje tun daga tsakiyar kaka. Kuma ba yau muka fara ba: a 2023 mun fi kowa albashi, ga Scherzer ga Verlander, dukansu sun doshi arba'in ko sun kai, muka ci 75 muka faɗi 87, kafin wa'adin musaya ya cika aka sallame su biyun. Ni abin da na koya shi ne kuɗi ba ya rufe ramin da ba a zuba shi a ciki ba.

Na Fagge:
Wannan ya ɗaure mini kai. A ƙwallon ƙafa in kana da gwarzon duniya ko ba komai zai ja ka wani wuri.

Mai Lissafi:
Tsarin wasan ne ya hana. Masu bugu tara ne kuma layi suke bi, komai ƙwarewarka sau huɗu ko biyar za ka zo a wasa, ba yadda za a yi a riƙa tura maka ƙwallo kamar ɗan gaba. Mai fara jifa kuma sau ɗaya yake fitowa a wasa biyar. Ga wasa 162 a kaka, da 'yan wasa 26 a jeri. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka a nan ko kaɗan. Angels ta haɗa Mike Trout da Shohei Ohtani daga 2018 zuwa 2023, ba ta shiga zagayen kofi ko sau ɗaya ba.

Kuma su ne misalin da ya fi ba ni takaici a maganar lokaci. A ƙarshen Yulin 2023 saura wata biyu kaka ta ƙare, daga nan Ohtani ya samu 'yanci. Da sun musanya shi, da sun kwashi matasan da za su gina ƙungiya a kansu. Sai suka riƙe shi, suka ƙara ba da nasu matasan suka karɓo Lucas Giolito da wasu. Ana rufe kasuwa suka faɗi wasa bakwai a jere, kafin Agusta ya ƙare sun saki Giolito, suka gama da 73 da 89. Ohtani ya tafi Dodgers, abin da ya rage musu gurbi ɗaya ne a zaɓen matasa da ƙungiyoyi ke yi kowace shekara. Ba tsuntsu ba tarko.

Baban Hanifa (Bronx):
To ai kun kawo ni inda nake so. Ku bar batun dabara, Dodgers kuɗi ta sa ta sayi kofi biyu. Ohtani miliyan 700, Yamamoto 325, Blake Snell 182. Wa zai iya wannan? Kuma wai a ce miliyan 680 na kuɗin Ohtani sai bayan shekara goma za a fara biya, yanzu miliyan 2 yake karɓa a shekara. Wannan ba kauce wa doka ba ne?

Mai Lissafi:
Doka ta yarda da jinkirta biya, kuma ba miliyan 2 ake lissafa musu ba. Wajen harajin wuce iyaka ana ƙirga kwantiragin a kan kimanin miliyan 46 a shekara. Ga Na Fagge: babu iyakar albashi ta dole a MLB, akwai dai layi, miliyan 237 a 2024, miliyan 241 a 2025. Ka wuce shi ka biya haraji a kan rarar, kashi 20 a karon farko, 30 a na biyu, 50 a na uku, da ƙari in ka yi nisa. Dodgers ta biya fiye da miliyan 100 na harajin 2024 kaɗai. Tana iyawa ne domin tun 2013 ta ƙulla cinikin talabijin na shekara 25 da ya haura dala biliyan 8. Don haka Alhaji yana da gaskiya, kuɗin nan ba kowa ke da shi ba.

Amma Alhaji, duba waɗanda suka ɗauke su a Oktoban 2024. Tyler Glasnow, da suka karɓo daga Tampa Bay, bai yi jifa ko ɗaya a zagayen kofi ba saboda gwiwar hannu. Ohtani bai yi jifa ba duk shekarar, ya kuma gurɗe kafaɗa a wasa na biyu da ku. Jack Flaherty da ya fara musu wasan farko, a ƙarshen Yuli aka kawo shi daga Detroit. Tommy Edman bai buga wa St. Louis wasa ko ɗaya ba a shekarar saboda jinya, suka karɓe shi a haka, ya zama gwarzon karawarsu da Mets. Michael Kopech daga White Sox ya zo, ƙungiyar da ta faɗi wasa 121. Max Muncy kuma Oakland ce ta sallame shi, suka ɗauke shi a 2017 da kwantiragin ƙaramar ƙungiya. A wasa na bakwai na World Series ta 2025 da Toronto, Miguel Rojas da ya farke a juyi na tara musaya ce mai araha daga Miami a 2023, Will Smith da ya buga na nasara a juyi na 11 kuma renonsu ne tun zaɓen 2016. Andrew Friedman da ke jan ragamar daga Tampa Bay ya zo a 2014, inda ya saba gina ƙungiya da ɗan abin hannu. Ya zo da wannan idon ya tarar da taska.

Ɗan Toronto:
Tun ɗazu nake karantawa ban iya magana ba, don ambaton Rojas har yanzu yana taɓa ni. Saura mutum biyu mu fitar mu ɗauki kofi. Amma ina goyon bayan Maman Sadiq da Mai Lissafi da abin da ya faru a wajenmu. A 2024 mu ne na ƙarshe a rukuni, 74 da 88. Babban wanda muka ɗauko da kuɗi, Anthony Santander, miliyan 92.5 na shekara biyar, ciwo ya hana shi yin komai. Waɗanda suka kai mu su ne Vladimir Guerrero Jr., ɗan gida da aka riƙe da miliyan 500 na shekara 14 a watan Afrilun 2025, da Ernie Clement wanda shi ma Oakland ta saki, ya samu bugu 30 a zagayen kofi, da Trey Yesavage da aka zaɓa a 2024, ya fara 2025 a ƙananan ƙungiyoyi, ya zo ya fitar da 'yan Dodgers 12 a wasa na biyar.

Sai dai kada mu wuce gona da iri wajen raina kuɗi. Texas ta faɗi wasa 102 a 2021, ta zuba rabin biliyan a kan Corey Seager da Marcus Semien a hunturu ɗaya, a 2023 ta ɗauki kofinta na farko, Seager ne ma gwarzo. Kuma Yamamoto da aka biya 325 shi ya ci wasa uku a kanmu, ya fito a na bakwai kwana ɗaya bayan ya yi jifa a na shida.

Maman Sadiq (Atlanta):
Ba wanda ya raina kuɗi, ɗana. Shekarun mutum ne abin dubawa. Seager yana da 27 aka ɗauke shi, Yamamoto 25, Soto 26. Angels ta ba Albert Pujols shekara goma yana dab da 32, ba a kai ƙarshe ba ta sallame shi a 2021, kuma dole ta biya shi cif, don kwantiragin besbol ba a yanke shi. Yawancin masu samun 'yanci sun kai talatin ko sun kusa. Kana biyan farashin abin da mutum ya yi wa wata ƙungiya jiya.

Baban Hanifa (Bronx):
Na ji ku duka, kuma na sauka daga rabin maganata. Mai Lissafi ya tuna mini Grisham, kuma in na yi adalci, kuɗin da Soto bai karɓa ba shi aka raba aka kawo Max Fried a kan miliyan 218 na shekara takwas, aka karɓo Cody Bellinger daga Cubs, aka ɗauki Goldschmidt. Ba Soto, kuma wasa 94 ɗin dai muka sake ci a 2025, kafin mutanen Ɗan Toronto su fitar da mu. Don haka ba zan ƙara cewa musayar ta rusa mu ba.

Inda ban sauka ba shi ne nan: Dodgers da ta karɓo Mookie Betts daga Boston a Fabrairun 2020, shi ma saura masa shekara ɗaya, ba ta bari aka fara kaka ba sai da ta ɗaure shi da miliyan 365 na shekara 12. Kofi uku suka ci tare da shi. Mu muka ba da mutum biyar ba tare da mun san ko namu zai zauna ba.

Ɗan Zongo:
Yaya, Soto ba zai taɓa sa hannu kafin ya shiga kasuwa ba. Ya ƙi miliyan 440 na shekara 15 daga Washington tun 2022, shi ya sa ma suka musanya shi. Yankees ta san haka ranar da ta ɗauke shi.

Baban Hanifa (Bronx):
To in sun sani, da sai su cika sauran gibin a Yulin 2024 kamar mutanen da suka san shekara ɗaya gare su. Jazz Chisholm suka kawo daga Miami, ya taimaka, amma suka sa shi a zango na uku da bai taɓa tsarewa ba a babbar gasa, tsaron fili kuma ya ci gaba da yoyo har ranar da ya kashe mu. Mai Lissafi, in ka samu lokaci ka kawo mana jerin masu jifan da za su samu 'yanci a wannan hunturun da shekarun kowannensu, ina so in ga nawa ne ba su kai talatin ba. Yanzu zan fita aiki, sai dare in Allah ya kai mu.